Ranar da Na Tuƙa Rairayin Kifin Hamma

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗiyar Hamma ba, kuma ko na so mantawa, dangi ba za su bar ni ba.

Hamma yayana ne, yana aiki a Kalgo, kuma yana da wata ɗabi'a da ta gagari kowa: kiwon kifin teku a akwatin gilashi. Mu da kakanninmu shanu suka kiwata! Kifayen ma ba na ci ba ne, na kallo ne, wani shuɗi wani ruwan ɗorawa. Daga Legas ake kawo su, ruwansu ma sai an haɗa da wani gishiri na musamman. A ƙasan akwatin akwai farin rairayi mai kauri da ya ce shi ke tace ruwan, ga wani ɗan famfo mai ba kifayen iska da ba ya daina gurnani.

Ana jajiberin suna na iso daga Gwandu, Hamma kuma ya tafi Diggi neman rago, a can zai kwana. Zafi ake kamar me, ga kunun aya mun yi bokiti guda, solar gidan kuma ba ta ɗaukar firji da famfo tare. Na kalli kifi, na kalli kunu. Na zare famfo na jona firji. (Kifin gulbi wa ke kunna masa famfo?) Don kada su ce an wulaƙanta su, na marmasa musu ƙuli-ƙuli har da ƙari.

Washegari falo ya cika da mata, sai wani wari ya fara tashi kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Goggo Dije, ƙanwar babanmu, ta toshe hanci da mayafi.

"Ke ɗiyar nan, mi ya mutu cikin gidan ga?"

"Kwatar maƙwabta ce, Goggo," na ce da ƙarfi, "ƙazamai ne." (Matar maƙwabcin tana zaune a bayana. Daga baya na sani.)

Na zuba turaren wuta a kasko. Turare da wari suka haɗu suka zama wani abu na uku. Can na lura rairayin ya yi baƙi-baƙi a jikin gilashi, kifayen kuma duk sun taso sama suna buɗe baki. To ni ba ni da haƙurin jira. Na shiga kicin na ɗauko muciya, na hau kujera, na naɗe hannun riga.

"Datti ne ya kwanta. Ku zauna, yanzu zan gyara."

Na luma muciya har ƙasa, na tuƙa kamar tuwon biki.

Jama'a, kumfa ta taso ɓul-ɓul, ruwa ya koma baƙi, warin da ya fito kuwa har hawaye ya sa ni. Mai jego ta suri jaririya ta yi waje. Goggo da ke kukan ciwon gwiwa ta riga 'yan mata kaiwa ƙofa, takalminta ɗaya a falo. Shuɗin kifin da Hamma ya fi so ya kwanta ta gefe.

Sai ga Hamma ya shigo da igiyar rago a hannu.

"Wa ya taɓa mini rairayi?"

Ina kan kujera, muciya tana ɗiga.

Ya juye ruwan gishirin da yake ajiyewa a jarka cikin baho, ya kwashe kifayen, ya zare firji ya mayar da famfo cikin bahon. Sai da shuɗin ya miƙe ya fara iyo sannan Hamma ya kalle ni.

"Ƙasan rairayin nan ba a motsa shi, can iska mai guba take taruwa. Sama kawai ake zuƙewa da tiyo, a canza ruwa kaɗan-kaɗan. Ke kin kashe famfo, kin zuba ƙuli, kin tuƙa. Saura miya."

A gindin darbejiya aka ƙarasa suna. Kunun da na yi duk wannan dominsa kuma ya yi tsami. Da aka kawo tuwo, Goggo ta ɗaga murya kowa na ji:

"Tsaya tukuna. Da wace muciya aka tuƙa?"

Kifi ko ɗaya bai mutu ba, alhamdulillahi. Yanzu in na ga abin da ban sani ba yana gurnani a gidan mutane, gaishe shi nake yi in wuce. Muciyar kuwa Hamma ya rataye ta a saman akwatin, wai don baƙi su riƙa tambaya.