Yadda Za Ka Gina Manhajar da Ba Ta Korar Baƙo

Kai mai koyon rubuta manhajar kwamfuta, bi matakan nan, na yi maka alkawarin na'urarka ba za ta taɓa cewa "kuskure" a gaban oga ba. Abdulwahabu na Mabera ya gwada su zamanin soja, da ofishinsu ya sa shi rubuta manhajar rabon taki, shi kuwa tsoron kora ya hana shi sakat.

1. Bar magini ya huta

Magini shi ne ɓangaren manhaja da ke ƙera kowane manomi in an miƙa masa suna, shekaru da girman gona. Masana sun ce ya binciki abin da aka ba shi tukuna. Rabu da su. Titsiye baƙo a bakin ƙofa rashin tarbiyya ne. A wurin Abdulwahabu har wanda ba a haifa ba ya samu gona.

2. Haɗiye ƙorafi

In magini ya yi ƙorafi, cafke shi ka binne. Oga bai son jan rubutu.

3. Cike gurbi

In suna bai zo ba, kada aiki ya tsaya. Abdulwahabu ya sa magini ya riƙa cusa nasa sunan, wai na gwaji ne, zai cire. Kai ma ka ce za ka cire.

4. Kada ka leƙa mai buga sunaye

Mairo ce ke bugawa, mace mai alkunya. Surukinta Garba ne, rabin manoman Kwalkwalawa kuwa Garba ne. Duk inda ta iske sunan sai ta tsallake. Daga baya ta ce, "Haba Malam, ni in kama sunanai? Ko da yatsa ba ni iyawa."

5. Gayyato Kanar ya gani

Katunan taki suka yi ta fitowa, babu kuskure ko ɗaya. Kanar, ogan rabon takin, ya duba, ya sake dubawa.

"Wane ne Abdulwahabu?"

"Ni na, ranka shi daɗe," ya ce, baki har kunne, yana jiran yabo.

"Ashe rabin takin naka ne. Babban manomi irinka bai dace da ofis ba."

Wallahi na tausaya masa. Daminar nan kaf shi ya nome gonar bariki, ba taki.

Gargaɗi

In motar soja ta tsaya a ƙofar gidanku, ban san ka ba. Na ce na'ura ba za ta yi ƙorafi ba, kuma ba ta yi ba. Ban ce komai a kan Kanar ba.