Yadda Asibiti Ya Hau Dutse

A wani daji da ke kwance tsakanin rafi da wani dogon dutse, akwai ɗan asibitin sha-ka-tafi a gindin tsamiya, daidai inda hanyoyi uku suka haɗu. Wata beguwa ce ke kula da shi, sunanta Ladingo. Ba ta yi dogon karatu ba, amma shekara goma sha ɗaya tana cire ƙaya, tana gyara targaɗe, tana jiƙa saiwa. Aibinta ɗaya, ba ta yarda da abu sai ta shinshina shi sau biyu.

Cikin masu zuwa wurinta babu mai nacin Baba Nomau, wani tsohon kunkuru da numfashi ke sarƙe masa. Jiƙon da take ba shi ba ya wuce kwana bakwai bai lalace ba, don haka duk Laraba sai ya zo. Gidansa bai fi jifa biyu daga tsamiyar ba, amma yakan fito da asuba ya iso da hantsi. Ladingo ta san in ya yi mako biyu babu jiƙon nan, to sai dai wani ba shi ba.

Dajin yana da Majalisar Masana, Malam Dila ke shugabantarta. Al'adarsu, masani kan rubuta bincikensa a ganyen gamji, a shanya, a ɗaure da igiya. Da yake busasshen ganye marmashewa yake in an buɗe shi, sai aka daina buɗewa, aka koma auna tsayin ɗaurin da kamu. A wannan awon babu wanda ya kama ƙafar Dokta Shamuwa: ganye arba'in da bakwai, kamu uku da rabi, duk a kan amfanin tafiyar ƙasa ga lafiyar jiki. Ita kanta Dokta ba a taɓa ganin ta taka daga nan zuwa can ba in da halin tashi sama, amma dama wanzami ba ya son jarfa.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga Dokta ta dira a bakin asibiti. Duk wanda ya iso sai ta tambaye shi daga ina yake, me ke damunsa, ta yi zane a ganye. Ladingo ta matso ta ce, "Ranki ya daɗe, in kina so in ba ki tarihin kowannensu."

"Bar shi," in ji Dokta. "Bayanin ma'aikaci yakan gurɓata bincike."

Kafin Baba Nomau ya gama gaishe ta, ta tashi sama. Ladingo ta bi ta da kallo, ƙayoyin bayanta suka miƙe. Wadda ta shekara goma sha ɗaya ba ta leƙo ba, yau ta zo da sassafe? Ruwa ba ya tsami banza.

Wata guda bayan haka aka kira taro. Dokta ta hau kututture, aka ajiye ɗaurin ganyenta a gefe inda kowa zai gani, ta gyara murya.

"Jama'a, na ƙirga dabbobi arba'in a ƙofar asibiti. Talatin na kusa ne, kuma su ne masu ciwon gwiwa, da hawan jini, da haki. Goma sun fito daga Bakin Fadama, tafiyar rabin yini, kuma ba abin da ya kawo su sai ƙaya da ɗan mura. Ma'ana, iya nisan da dabba ta tako, iya lafiyarta. Kusancin asibitin nan shi ke sangarta mu. Motsi ya fi laɓewa. Shawarata, a mayar da asibiti kan dutse, kowa ya taka ya samu lafiya kafin ma ya ga magani."

Wuri ya kaure da tafi. Barewa har da tsalle.

Ladingo ta miƙe. "Allah ya gafarta Malam, ina da magana. Ni ban ƙi motsa jiki ba. Kullum sai na kori masu zaman kashe wando su je su zaga rafi, kuma yana yi musu amfani. Amma Dokta ta ƙirga waɗanda suka iso ne. Na Bakin Fadama da ciwo ya kayar suna can kwance, ba su iya tafiyar ba, shi ya sa ba ta gan su ba. Nisa bai warkar da kowa ba, tace su ya yi. In kun kai asibiti kan dutse, mai ƙarfi ne kaɗai zai hau. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Malam Dila ya shafa gemu, ya dube ta a kaikaice.

"Magana mai daɗin ji, Malama. Ganyenki kamu nawa ne?"

"Ba ni da ganye, Malam."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"To, ikon Allah." Ya juya ga jama'a. "Ni dai ban zargi kowa ba. Amma mai gajerun ƙafafu da ta saba da inuwar tsamiya, in ta ƙi hawan dutse, da walakin, goro a miya."

Nan take kallo ya koma kanta. Wasu suka fara raɗa cewa dama tana son marasa lafiya su yawaita don a riƙa gaishe ta. Aka amince da shawarar Dokta, aka kuma ƙara doka: duk ma'aikacin da ya sauko da magani ƙasa ya ɓata bincike, a bakin aikinsa.

Ana watsewa Baba Nomau yana isowa, yana haki, don tun jiya ya taso zai yi magana.

"'Yata, an fara?"

"An gama, Baba. Kan dutse za mu koma."

Ya ɗaga wuya ya daɗe yana duban dutsen. "To, masana sun fi mu sani. Sannu ba ta hana zuwa. Ki ajiye mini jiƙona."

Larabar farko Ladingo ta jiƙa saiwa ta zauna a bakin sabon asibiti. Can ƙasa ta hango ɗan baƙin abu yana motsi a gindin dutse. Ta ɗauki goran jiƙon, ta tuna doka, ta ajiye. In aka kore ta, wa zai duba saura? Haka ta lallashi kanta har jiƙon ya yi tsami.

Laraba ta biyu ba ta tsaya tunanin doka ba, ta rungumi goran ta gangara. Ta sami Baba Nomau bai kai ko sulusin hanya ba, a gefen wani falalen dutse, fuskarsa na kallon sama. Ta kira shi sau uku bai amsa ba. Ta zauna ta yi kuka, na baƙin ciki da na jin kunyar kanta, don ta san ta ga gaskiya tun farko, kuma ta bar tsoro ya zaunar da ita kwana bakwai.

Da damina ta zagayo, Dokta ta dira a kan dutse. Yini guda dabbobi shida suka zo, birai huɗu da gada biyu, kowa garau.

"Kin gani?" in ji Dokta. "Babu mai haki ko ɗaya."

"Ki rubuta Baba Nomau," in ji Ladingo.

"Ya zo asibiti?"

"Bai iso ba."

"To, ba ya cikin bincike."

A shekarar ɗaurin Dokta ya kai kamu huɗu, Majalisa ta yi shelar cewa an kawar da cuta daga dajin. Ungulaye ba su iya karatu ba, amma su suka fara zuwa yi mata murna.