Yadda Za Ka Juye Kaset ɗin Surukarka a Faifai

Bi matakan nan biyar, na yi maka alkawari hoto zai fito tar, dangin matarka kuma su koma kiranka Injiniya.

1. Karɓi kaset da isa

Surukarka za ta ciro shi daga ƙasan akwati, a naɗe cikin ɗankwali, tare da kyamarar bidiyon da ke kunna shi, ta ce, "Ɗana, a nan kaɗai muryar marigayi ta rage mini." Kada ka nuna ba ka taɓa riƙe irin tsohuwar kyamarar nan ba. Hura kaset ɗin sau biyu, ka ce, "Ƙaramin aiki ne, Mama."

2. Nemi wayar haɗi

Zazzage durowa. Za ka tarar da caja tara da makullin gidan da kuka tashi. Wayar da ke shiga talabijin za ta samu, ta kwamfuta kuwa sai dai haƙuri. Masu shago suna da na'urar wannan aiki, amma Injiniya ba ya kai aiki shago.

3. Ɗauka daga gilashi

Kunna kaset a talabijin, ka jingina wayar hannunka da gwangwanin madara ta ɗauka. Za ka ga marigayi yana gaisawa da baƙi, ga inuwarka a ƙirjinsa, cikin singileti, kana sosa ciki. Kowa ya tambaya, ka ce fasahar zamani ce.

4. Rubuta "ORIJINAL" a faifan

Bayan ka juye abin da wayar ta ɗauka a faifai, rubuta da manyan baƙaƙe. Tsohon kaset kuma ka haɗa shi da tarkacen durowa ka zubar. Gwani ba ya ajiye tsohon yayi.

5. Tara dangi a falo

Minti ɗaya tak marigayi ya yi magana, daidai nan kuma muryar matarka za ta danne tasa daga kicin: "Wai kai, ka sayo gas ɗin kuwa?" Kowa zai kwashe da dariya, ban da surukarka. Za ta jawo kujera kusa, ta ce a hankali, "Mayar baya, ɗana, ban ji shi ba." Sau uku za ka mayar. Sannan ta ce, "Bar shi. Ba ni kaset ɗina kawai."

Gargaɗi: ba ruwan marubuci da abin da zai biyo baya, musamman daga mataki na huɗu. Ni kaina shekara biyu ke nan ina ce wa surukata kaset ɗin yana wurin gyara, kunya kamar ta kashe ni. Har yau ɗankwalin yana ninke a kan akwatinta.