Mista Bramwel na Babura

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da sunan aro ya fi ƙarfina. Lokacin kuɗin mai na tashe, aka turo ni Babura aikin akawu, wandona fantalo, gashi tsaye (kamar an kifa mini kwando).

A Babura ba wanda ya san ni, don haka na ce sunana Mista Bramwel. Ainihin mai sunan wani Bature ne, sanannen masanin kayan tarihi, da ya taɓa tono a duwatsun garinmu Roni. Na baza labari cewa shi ya rene ni. Gaskiyar kuwa, Babana ne ke kwashe masa ƙasa, ni kuma sau ɗaya ya taɓa ba ni alawa.

Wata Laraba da la'asar ina zaune ƙofar ofis, ina yi wa abokan aiki bayanin yadda "muke" gane shekarun kasko, sai ga masinjanmu da wani tsoho, rigarsa duk ƙura.

"Ranka ya daɗe, tun hantsi bawan Allahn nan ke yawo yana neman wani Sule. Na ce masa ba mu da Sule."

Babana ne. Na miƙe, na rasa ko in durƙusa ko in gudu.

"Baba, sannu da zuwa."

"Kai ne Bramwel ɗin?" ya ce, bai ko ɗaga murya ba. "Sau nawa aka nuna mini ofishin nan, wai akwai wani Bramwel daga Roni, na ce ba Bature nake nema ba. Uwarka ce ba lafiya, tun jiya take kiran sunanka."

Ba wanda ya yi dariya. Da ma sun yi, da na fi samun sauƙi.

Muka ruga tasha, motar Kazaure, hanyarmu ta zuwa Roni, ta riga ta tashi. Washegari muka isa Roni, muka tarar ana dawowa daga maƙabarta. A tsakar gida na zube ina kuka, fantalon nan na shan ƙasa.

Bayan sadakar uku Baba ya ce, "Shi Baturen ya ƙetaro teku yana tono kakannin wasu, kai kuwa ka binne naka da ransu."

Tun daga nan, duk garin da aka tura ni, kafin in nemi masauki sai na bi 'yan tasha ɗaya bayan ɗaya: "Sule ne, ɗan Malam Hassan na Roni. Ko da wani zai zo nema."