Ranar da Aka Ɗinke Bincikena a Fata

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na je gida Wagini ba, saura kwana huɗu in kare binciken digirina na biyu. Na tafi da abin da na kwashe wata takwas ina haɗawa: wani allo ɗan ƙarami, bai fi tafin hannu ba, an jera masa ƙananan zobba na jan ƙarfe, kowanne da 'yar tsaga. Shi ke nan guda ɗaya, babu na biyu.

Abin alfaharin shi ne, maganaɗisu ba ya kama jan ƙarfe. Amma idan igiyar sadarwa irin ta rada, na'urar hango jirage, ta bugi zobban nan, lantarki sai ya riƙa kewayawa a cikinsu, su koma kamar ƙananan maganaɗisu, har su karkatar da igiyar. Da a nan na tsaya da na huta.

Bayan la'asar dattawa suka taru a zauren Baba. Ni kuwa kai ya kumbura (an ce mini "Farfesa" har sau biyu), na ɗaga allon na ce, "Da irin wannan ake sa igiya ta kewaye abu ta wuce, kamar babu shi a wurin. Ɓacewa ke nan!" Aka yi ta salati. Ban lura kakata Inna tana bayan ƙyaure ba.

Washegari da hantsi na buɗe jaka, babu allo. Na zazzage kaya, na leƙa har akurkin kaji. Sai Inna ta ce, hankalinta kwance, "Layar zanar taka? Na kai wa baduku ya ɗinke. Kawunka Sule za shi Runka, kuma ka san halin hanya da 'yan fashi."

Na fita da gudu ba takalmi. Na iske Kawu a ƙofar zaure bisa babur, kambu sabo fil a damtse, dattawan jiya suna yi masa addu'a. Da ya hango ni sai ya rage murya ya ce, "Ɗana, kana ganina?"

"Ina ganinka, Kawu."

A gaban kowa na durƙusa na warware: abin nan ko kaza ba ya ɓoyewa, igiya iri ɗaya tak yake karkatarwa, ita ma sai a ɗakin gwaji. Wani dattijo ya ce, "To mi kaka yi wata takwas?" Na rasa inda zan sa fuskata. Kawu ya kwance kambun, ya fasa tafiyar sai ranar da za a tafi a ayari.

Na ji tsoron farke ɗinkin da wuƙar gida, don haka a cikin fatar na kai allon jami'a. A gaban malamai uku aka miƙo mini reza na farke ɗinkin. Babbansu ya yi dariya har ya cire tabarau. Aka ɗora allon a na'ura, sai ga layin sakamakon gwajin ya lotsa daidai inda lissafina ya ce. Badukun Wagini ko zobe ɗaya bai taɓa ba. Na ci jarrabawar, kuma har yau ina taƙama da wannan allo.

Sai dai yanzu duk inda zan yi bayanin aikina, da abin da ba ya iyawa nake farawa, sannan in leƙa bayan ƙyaure.