Ba Na Leƙen Ƙarshen Littafi

"...Lafiya ƙalau. Ya gajiya, ya hawan bene, ya kuma rashin kunya?"

"Gajiya ta bi lafiya, Tsoho. Rashin kunya kuwa gado ce, ka san inda aka samo ta. Ka ci abinci?"

"Na ci. Na ci takaicin aikenki, na ƙoshi har wuya."

Jikarsa ce ta shigo, 'yar ɗiyarsa ta fari, mai ɗinki, wadda yake kira Leƙau. Ta yar da jakarta a bakin ƙofa ta wuce baranda, inda yake zaune a kujerar roba da littafi a cinya. Shi tsohon mai gyaran agogo ne. Zaman da ya yi a ɗan shagonsa, rabi agogo ya gyara, rabi littattafan labari ya karanta, kuma da waya ta zo ta kashe wa agogo kasuwa bai yi wani kuka ba, don lokacin karatu ne ya ƙaru masa. Doka ɗaya gare shi wadda ko da wuƙa a wuya ba ya karyawa: ba a leƙa ƙarshen littafi. Ita kuwa tun tana 'yar mitsitsiya shafin ƙarshe take fara buɗewa, ta ga ko an yi auren kafin ta ɓata lokacinta. Nan sunanta ya samo asali. Ita ma ba ta bar bashi ya kwana ba, ta laƙaba masa Malam Daki-daki.

A kusurwar barandar akwai itacen lemun tsami a cikin rabin ganga. Marigayiya matarsa ce ta shuka shi, kuma tun bayan rasuwarta ganyen ya fara yin rawaya yana zuba. Tsohon yakan share su da sassafe, kada wani ya zo ya gani. In ka cire shi kansa, itacen nan ne kaɗai abu mai rai da ta bari a gidan, kuma tsoro yake ji ƙwarai kada ya mutu a hannunsa.

"Ni dai zuwa da kai ya fi saƙo," in ji shi, yana ɗaga littafin da yatsu biyu. "Na ce ki sayo mini labari mai kisan kai da ɗan sanda mai wayo. Sai ga ki da littafin yadda ake kula da itacen lemu. Na yi miki kama da manomi?"

"Manomi ai yana da ƙarfi. Kai ka fi kama da abin da ake kafawa a gona don korar tsuntsaye."

"Na sake ki."

"Ka sake ni makon jiya ma, ba ka mayar da ni ba. Ina ka kai a karatun?"

Ya nuna mata inda ya sa tsinke. Ko kashi ɗaya cikin huɗu bai ci ba. Leƙau ta dafa ƙirji.

"Tsoho! Tun yaushe na kawo littafin nan? Kunkuru ma da ya kai tsakiya ya sha ruwa."

"Ke ba ki san wahalar da nake sha ba. A shafin farko marubucin ya gode wa matarsa. Na ce madalla, ga tauraruwar labari. Na riƙe sunanta gam. Har yau matar nan ba ta sake fitowa ba. Ina zargin kashe ta aka yi."

"Godiya ce kawai, Tsoho."

"Haka suke so ki ɗauka. Sai wani manomi ya fito a babi na biyu. Na gyara zama, na ce ga jarumi. Ya auna ƙasa, ya juya ya tafi, ko sallama babu. Ba shi da uwa, ba shi da budurwa, ba wanda ya ci amanarsa. Wane irin mutum ne wannan?"

"Mai kwanciyar hankali."

"Sai tsutsar ƙasa. Na ce yauwa, ga muguwar. Tana tafiya a ɓoye, ba ta son haske, ba ta da fuska. Na yi ta tsine mata har shafi ya ƙare. Ashe mutuniyar kirki ce, ita ke gyara ƙasa. Na tsufa ina zagin baiwar Allah a kan aikin alheri."

Leƙau ta zauna a bakin ƙofar barandar tana dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ya murtuke fuska, amma daɗi yake ji. Rabon da a yi dariya haka a barandar nan an daɗe.

"Abu ɗaya zan yaba wa littafin," in ji shi. "Likita ya sha wahala yana nema mini maganin barci. Wannan shafi ɗaya ya isa. Jiya da hantsi na fara babin ire-iren taki, ban farka ba sai da maƙwabciya ta leƙo ta taga tana salati, ta ɗauka tafiya ce ta zo."

"Da ka tafi a kan babin taki, da me za mu gaya wa mutane?"

"Ku ce ya rasu yana neman ilimi. Ba sai kun faɗi wane iri ba. Ke da kike wa'azi, kin karanta shi?"

"Ni? Allah ya kiyaye. A shagon na leƙa ƙarshensa. Ba aure, ba mutuwa, ba wanda ya dawo daga tafiya. Saura kaɗan in mayar wa mai shago abinsa, sai na ga hoton lemun da ke bangonsa ya yi kyau."

"Kin ji! Makauniya ce ke jan makaho."

"Ai ni ma na taɓa gwadawa. Na sayi wani ƙaton littafin tarihi, na ce daga yau na zama mai ilimi, an daina raina ni. Yana nan ƙarƙashin ƙafar keken ɗinkina. Tun da na sa shi keken bai ƙara rawa ba."

"To ya yi amfani. Nawa ko tebur ba zai tokare ba, siriri ne."

"Amma mai shagon ya gaya mini abu ɗaya. Ya ce irin wannan littafin kanti ne, ka shiga ka ɗauki abin da ya kawo ka, ka fita. Ba dole sai ka gaisa da kowane kwali ba. In kiɗa ya canza, Tsoho, rawa ma canzawa take."

"Mai shagon ɓarawo ne irinki. Mutum ya zauna ya jera littafinsa daga farko zuwa ƙarshe, ni kuma in haura masa ta katanga? Agogo ma in ka buɗe shi, ba ka fara cire abin da ke ƙasa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

Bai ƙarasa ba. Wani ganye ya saki reshe, ya yi lilo a iska, ya sauka a kan buɗaɗɗen littafin da ke cinyarsa. Rawaya ne fatau. Tsohon ya ɗauke shi da sauri ya cusa a aljihun riga, kamar ba ta gani ba. Ta gani sarai. Ta dubi itacen da kyau a karon farko tun shigowarta, sai ta ga rassan sama duk sun zama tsirara.

"Babin cututtuka yana can baya," in ji ta, muryarta ta sauka. "Na gan shi lokacin da nake leƙe. Da irin tafiyarka, kafin ka isa can sai dai ka karanta wa sanda."

"Sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa karin maganar mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Ya dubi littafin, ya dubi itacen. Gaskiya ta faɗa, ya kuma sani. Amma mutumin da ya tsufa yana yi wa masu leƙe gori, yaya zai yi ya buɗe bayan littafi a gaban shugabar masu leƙe? Sai dabara ta faɗo masa.

"To ji nan. Ke kin riga kin lalace, ba abin da ya rage a kare. Ki buɗe. Ni zan juya baya. In kunnena ya ji wani abu, ba da sanina ba ne."

"Wato ni in yi satar, kai ka ci naman."

"Haka aka tsara duniya. Buɗe."

Ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Leƙau ta buɗe can baya ta fara karatu, tana ja, tana tsayawa, tana komawa farkon layi. Da gangan take yi, shi ma ya san da gangan ne. Ya daure, ya daure, har ta tsaya tana tambayarsa ko yana son shayi.

"Kawo nan! Karatunki kamar mai tauna tsakuwa."

Ya fizge littafin, ya zaro ɗan gilashin ido ɗaya da yake duba cikin agogo da shi, ya maƙala. Sai da ya karanta rabin shafi sannan ya tuna inda yake.

"Barka da zuwa, Malam Daki-daki," in ji ta. "Nan ne unguwarmu. Ka ga an cije ka?"

"Rufe mini baki, ina bincike. Ƙwari ne, na daɗe ina zarginsu." Ya tashi ya bi bayan ganyen da gilashinsa ɗaya bayan ɗaya. Ko ƙwaro ɗaya babu. "To sun gudu. Sai me kuma? Ƙishirwa. Wannan kam ƙarya ce. Ni da nake ba shi ruwa safe da yamma, ranar da aka yi zafi har da rana? Kakarki ce mai rowar ruwa. Sai ta ga dama take ɗan tsiyaya masa, ina ta yi mata faɗa. Tun da ya dawo hannuna bai taɓa kwana da ƙishi ba."

Leƙau ta ɗora yatsa a kan hoton da ke shafin gaba. Ganye ne rawaya, sak irin wanda ke aljihunsa. Ya sunkuya ya fara karanta abin da ke ƙarƙashin hoton da ƙarfi, yana tafiya muryar tana raguwa, har ya koma motsa leɓe kawai. Littafin ya ce in ruwa ya yi yawa saiwa ruɓewa take, ganye ya yi rawaya ya zube, mai shi kuma ya ɗauka ƙishi ne ya ƙara ruwa. Ya ce a tura yatsa cikin ƙasar a gani.

Ya tura. Yatsan ya fito da taɓo, yana warin tsohuwar kwata.

"Ana zaton wuta a maƙera," in ji Leƙau a hankali.

"Ni ne." Ya koma ya zauna, yatsan a sama. "Ni ne, Leƙau. Duk labaran da na karanta, mai laifin shi ne wanda ya fi kowa kuka a gidan makoki. Tun babi na uku nake gano shi, in zauna ina yi wa ɗan sanda dariya. Yau ga shi a kujerata, sanye da rigata, ina ta zagin tsutsa."

"Laifi tudu ne."

"Na taka nawa har ya lotsa. Ashe rowar kakarki ce ta raya shi. Ni ma ai haka ta yi mini da yabo, sai ta ga dama take ɗan tsiyayawa, ga ni nan ban mutu ba."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Safe da yamma nan marigayiyar take zama kusa da itacen, shi yana karatu tana katse shi da hira. Da ta tafi, lokacin ya ci gaba da zuwa, shi kuma bai san abin da zai yi da hannuwansa ba, sai ya riƙa kawo ruwa. Kewarta ce yake ta zubawa a gangar nan har ta kusa kashe itacen.

"Karanta gaba," in ji ta. "Ai ba a bar mutum a nan ba."

Littafin ya ce a ɗan kankare bawon reshe. In ƙasan kore ne, da sauran rai. Ya ɗauko siririn tsinken da yake taɓa cikin agogo da shi. Ya kankare kaɗan, ya kai gilashin kusa, ya daɗe yana kallo.

"Tsoho, ka yi magana mana!"

"Kore ne."

"Alhamdu lillahi! To me ya ce a yi?"

"A huda gindin gangar ruwan ya tsiyaye. Sannan a ƙyale shi har ƙasar ta bushe." Ya sake duba layin, ko zai canza. "A ƙyale shi. Duk maganin ke nan. An rubuta littafi guda don a ce mini in cire hannuna."

"Mu mun daɗe muna gaya maka, kyauta ma."

Suka kwantar da gangar tare, ya huda ta da ƙusa, baƙin ruwa ya yi ta bulbulowa yana bin magudanar baranda. Leƙau ta toshe hanci tana cewa warin halinsa ne ke fita. Ya ce ta yi a hankali, jini ɗaya ne.

Da ta ɗauki jakarta za ta tafi, sai ya ce ta dakata. Ya shiga bayan ƙofa ya fito da wata tsohuwar buta mai dogon baki, ya miƙa mata.

"Ungo."

"Iye! Yau ni aka yi wa kyauta? Shekara da shekaru ina hidima, sai buta?"

"Ba kyauta ba ce, ƙwace ce. Ki ƙwace ta daga hannuna. In tana gidan nan, gobe da safe ƙafata za ta kai ni kafin hankalina ya farka. Kin ci ni, Leƙau. Je ki ba da labari."

Ta karɓa, sai hannunta ya yi ƙasa don nauyi. Ruwa ya fantsamo mata a ƙafa.

"Au! Cike take ma?"

Tsohon ya dubi butar, ya dubi itacen, sai dariya ta ƙwace masa, irin wadda ke zuwa da ƙwalla.

"Na yamma ne," in ji shi. "Tun da rana na cika."