Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Kyamarar Baba Mai Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanun da dama can ba gani suke sosai ba, Baba Mai Agogo yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ya taɓa tsallake shi yana kwance a bakin hanya, rasuwar kyamararsa, wadda aka fi sani da Mai Ido Ɗaya. Ta cika ranar Talata da hantsi, a filin da ke bayan garejin makanikai, bayan shekara goma sha huɗu a hannunsa.

Marigayiyar ta shigo gidan ne a shekarar da likita ya ce Baba ya haƙura da gyaran agogo, domin ƙananan kusoshi sun fara ɓace masa a kan tebur. Wata shida ya yi a falo yana musu da rediyo. Ita ta fitar da shi. Ita ta nuna masa cewa furen ciyawar da ake takewa a bakin kwalbati, wanda bai kai farcen jariri ba, yana da gashi da jijiyoyi da 'yan ɗakuna a ciki, tsaf kamar cikin agogo.

An shaide ta da haƙuri. Idan aka matso da kyamara dab da fure, wuri guda kaɗai take gani sarai, sauran duk dishi-dishi. Don haka sai Baba ya kafa ta a kan ƙafafunta uku, ya ɗauki hoto, ya murɗa idonta gwargwadon kaurin gashi, ya sake ɗauka, har sau sittin. Daga baya kwamfuta ta tsinto inda ya fito sarai a kowane hoto, ta ɗinke su su zama ɗaya. Duk wannan wahala marigayiyar ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta "ƙyas", ta yi shiru, ta sake cewa "ƙyas". Ba ta da abokin gaba sai iska, wadda kan jira sai an kai hoto na hamsin kafin ta kaɗa furen.

Ba ruwanta da ƙyale-ƙyalen duniya. Fure ja ne ko rawaya, baƙi da fari take fito da shi. Maiɗakin Baba, wadda ta ƙarar da ƙarfinta wajen wanke gwiwar wandonsa, ta sha tambayarsa: "Malam, Allah Ya yi wa abu launinsa, kai kuma ka je ka yi rub da ciki awa biyu don ka cire masa?" Shi kuwa amsarsa ɗaya ce: launi surutu ne, yana hana mutum ganin ƙira.

Rashin lafiyarta ya fara ne bara, lokacin da "ƙyas" ɗinta ya soma ja, ya koma "ƙyaaas". Mai gyara ya buɗe ta, ya rufe, ya ce an daina yin kayan irinta, a lallaɓa. Baba ya lallaɓa, domin akwai aikin da ya rage musu. A filin nan akwai wani ɗan tsiro da ke fure kwana huɗu kacal a shekara. Shekarar farko akuya ta riga su. Ta biyu yana asibiti ana masa aikin ido. Bana kuwa an sayar da filin, har an sauke yashi.

Ranar Talata furen ya buɗe, ko ganye ba ya motsi. Sun kai hoto na talatin da takwas sai ta ce "ƙirrr", abin da ba ta taɓa cewa ba, ta yi shiru. Baba ya canza batir, ya hura mata iska, ya shafa ta. Ganin ya daɗe kwance ba motsi, makanikai suka rugo da salati, sun zaci shi ne.

"Ni lafiyata ƙalau," in ji shi, bai ɗago ba. "Ita ce."

Ranar Alhamis motar share fili ta zo.

Hotunan da marigayiyar ta samu ta ɗauka, su Baba ya haɗa a kwamfuta. Gaban furen ya fito har ana ƙirga gashinsa, bayansa kuwa hayaƙi-hayaƙi. Maiɗakinsa ta tsaya a bayan kujerarsa ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Haka kake ganina yanzu, ko?"

"Ke ai tuni na haddace ki," in ji Baba.

Marigayiyar ta rasu ta bar ƙafafu uku, ɗaya na ɗingishi. Da batura biyu, ɗayan maƙaryaci ne, ya ce a cike yake alhali ba komai. Da tsohuwar lemar da ke tare mata iska. Da hotuna ɗari tara da 'yan kai, waɗanda babbar 'yar Baba ta ce duk iri ɗaya ne.

Za a karɓi gaisuwa a falo ranar Asabar daga ƙarfe goma. Ana roƙon jama'a kada kowa ya ce "ai waya ma tana yi". Surukin gidan ya faɗa, kuma har yanzu ba a amsa gaisuwarsa ba. Mai gyara, wanda ya aiko yana neman a ba shi idonta, shi ma ya yi zamansa.

Da ƙarfe sha ɗaya za a goge ta, a rufe mata ido, a kwantar da ita a kabad ɗin gilashi, a layin sama, inda farantan baƙi suke tun ranar da aka tare a gidan, inda ko ƙuda bai isa ya sauka ba. Maiɗakin Baba ce ta kwashe farantan da hannunta, ba wanda ya roƙe ta.